Wa ke zaɓar mana ɗan takara kafin mu isa akwati?

Ranar 26 ga Oktoban 2024 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Kano, NNPP ta kwashe kujerun ciyaman 44 gaba ɗaya ta haɗa da kansiloli 484, ko guda ba ta bar wa wata jam'iyya ba. A Janairun 2021 lokacin Ganduje APC ce ta kwashe 44 ɗin, haka ma a Fabrairun 2018, zaɓen nan da aka yi ta yawo da bidiyon yara ƙanana suna dangwala ƙuri'a. Mutanen Kano dai su ne, ba wasu aka shigo da su daga wata duniya ba. Kuma a tsakani an yi zaɓen gwamna na Maris 2023 wanda INEC ta gudanar, Abba Kabir Yusuf na NNPP ya samu ƙuri'a 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC ya samu 890,705. To ka zauna ka yi lissafi da kanka, jam'iyyar da ta tara ƙuri'a kusan dubu ɗari tara a jiha, ta yaya bayan shekara ɗaya da 'yan watanni za a ce ko kansila ɗaya ba ta da shi? Wannan tambayar dai ita ce ta 2021, sunan jam'iyyar kawai za ka juya. Za a ce ai 'yan adawa ƙaurace wa zaɓen suke yi, gaskiya ne sau da yawa haka ake yi, amma ai ƙauracewar ma tana da dalili, babu mai zuba kuɗinsa a takarar da ya san an riga an rubuta sakamakonta.

Kuma kada wani ya ɗauka cutar Kano ce kawai. A watan Oktoban 2024 ɗin nan APC ta cinye 27 na Jigawa, ta cinye 23 na Kaduna. A Ribas ma abin ya fi fitowa fili, wata jam'iyya APP da yawancin mutane ba su ma san alamarta ba ta ci 22 cikin 23, don kawai a lokacin ita ce mutanen gwamna Fubara suka fake a cikinta. Kotun ƙoli ta rushe wannan zaɓe daga baya, amma dai ya riga ya nuna mana abin da ake ciki, inda gwamna ya karkata nan sakamako yake karkata.

Ni abin da ya dame ni a nan ya wuce maganar wa ya ci wa ya faɗi. Kujerar kansila da ta ciyaman su ne matakalar farko ta tsanin siyasa, nan ya kamata matashi ya fara, ya koyi sauraron mutane, ya koyi yadda ake kasafi, ya yi aiki a gani a ƙasa, mutanen mazaɓarsa su ce wannan ya iya a ƙara masa gaba. Idan matakalar farko a hannun mutum ɗaya take, to duk mai son hawa sama idonsa ba zai taɓa kallon ƙasa ba, kullum yana kallon gidan gwamnati. Daga nan duk sauran matsalolin suke fitowa, tsadar takara, rikicin ubangida da yaronsa, sauya sheƙa, har da yadda alƙalai suka zama su ne masu faɗin magana ta ƙarshe a zaɓe.

Bari mu ɗan koma baya. Tsarin ƙananan hukumomi da muke da shi yanzu ya samo asali ne daga gyaran 1976 lokacin mulkin soja na Obasanjo, aka rushe tsarin En'e aka mayar da ƙaramar hukuma mataki na uku na gwamnati. Yau muna da guda 774, kuma suna da kashi 20.6 cikin ɗari na kuɗin asusun tarayya, ba ƙaramin kuɗi ba ne wallahi. Kundin tsarin mulki na 1999 a sashe na 7 ya ce dole a riƙa gudanar da su ta hanyar zaɓaɓɓun shugabanni, ya ba su kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da kwashe shara da rajistar haihuwa, da hannu a firamare da asibitin shan magani. Sai kuma kundin ya zo ya yi abu biyu da suka kwance wancan. Na farko sashe na 162 ya ƙirƙiri asusun haɗaka tsakanin jiha da ƙananan hukumomi, wato kuɗin ba ya zuwa hannun ciyaman kai tsaye sai ya bi ta jiha. Na biyu ya ba kowace jiha hukumar zaɓenta, irin su KANSIEC a Kano, kuma gwamna ne ke naɗa shugabanta da mambobinta. Gwamnan da ke riƙe da kuɗin, shi ke naɗa mai ƙirga ƙuri'ar, kuma shi ne jagoran jam'iyya a jiha. Me ya rage?

Hujjar da ta fi gamsar da ni cewa matsalar a tsarin take ita ce Abuja. Ƙananan hukumomi shida na birnin tarayya INEC ce ke yi musu zaɓe saboda babu gwamna a can, kuma a Fabrairun 2022 APC ta ci uku PDP ta ci uku, alhali APC ke mulkin ƙasa. A Kaduna ma lokacin El-Rufa'i da aka gwada na'urar zaɓe a 2018 da 2021, 'yan adawa sun ci wasu ƙananan hukumomi. Wato mutane sun iya zaɓe idan aka bar su.

To yaya ɗan siyasar jiha yake gina rayuwarsa a irin wannan yanayi? Ka duba tarihin manyan da kanka. Kwankwaso injiniya ne a hukumar ruwa ta Kano, ya ci ɗan majalisar tarayya na Madobi a 1992 har ya zama mataimakin kakakin majalisa, sannan gwamna a 1999. Shi dai ya fara da zaɓe. Amma waɗanda suka biyo baya fa? Ganduje mataimakinsa ne sau biyu, 1999 zuwa 2003 da 2011 zuwa 2015, sannan ya gaje shi. Abba ya daɗe yana tare da Kwankwaso a matsayin na hannun dama, ya yi kwamishinan ayyuka daga 2011 zuwa 2015, kafin 2023 bai taɓa riƙe wata zaɓaɓɓiyar kujera ba. A Jigawa Umar Namadi mataimakin Badaru ne. A Borno Zulum kwamishinan Kashim Shettima ne. A Sakkwato Ahmed Aliyu kowa ya san ɗan gidan Wamakko ne. Ban ce waɗannan mutane ba su cancanta ba, wasunsu sun yi aiki ƙwarai kuma jama'a sun shaida, abin da nake nunawa shi ne hanyar da suka bi, kusanci da mai gida ita ce babbar takardar shaida. Akwai waɗanda suka taso daga ƙaramar hukuma, Gawuna ya yi ciyaman na Nasarawa kafin ya zama kwamishina sannan mataimakin gwamna a 2018, Dikko Raɗɗa ya yi ciyaman na Charanchi kafin ya zama shugaban ma'aikatan fadar gwamna Masari sannan gwamnan Katsina a 2023. Amma ko su ɗin idan ka lura, tsakanin ciyaman da tikitin gwamna sai da suka ratsa ta muƙamin naɗi.

Shi ya sa matashin da ya shiga siyasa yau abin da yake fara nema ba mazaɓa ba ce, gida yake nema. Ɗan gidan wane. Ya fara da rakiya, yana cikin ayarin motoci, yana kare mai gida a Facebook da TikTok, ko yana cikin sojojin baka masu shiga rediyo da daddare suna yabo da zambo, idan Allah ya taimake shi a ba shi mai ba da shawara ko mataimaki na musamman, irin muƙaman nan da ake rabawa ɗari-ɗari wasu ko ofis ba su da shi. Daga nan idan ya yi biyayya ya yi haƙuri sai a ce je ka yi kansila, ko a ba shi kantoma. Duk tsawon wannan tafiya babu ranar da talakan unguwarsu ya isa ya tsayar da shi ko ya ɗaga shi.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke kashe gwiwar mutanen kirki tun kafin su fara. A 2018 Buhari ya sa hannu a dokar nan da ta rage shekarun takara, ɗan majalisar jiha da na wakilai daga 30 zuwa 25, shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, matasa suka yi ta murna kuma sun yi gaskiya don ci gaba ne. Amma da 2022 ta zo APC ta sa fom ɗin gwamna naira miliyan 50, sanata miliyan 20, ɗan majalisar wakilai miliyan 10, na jiha miliyan 2. Fom kawai fa, takarda. A Kano kafin zaɓen 2024 hukumar zaɓe ta jiha ta fara sanar da miliyan 10 ga mai neman ciyaman da miliyan 5 ga kansila, har sai da maganar ta kai kotu. Ɗan shekara 25 da ya gama bautar ƙasa bara, a ina zai samo wannan? Dokar zaɓe ta 2022 ta ƙayyade cewa ɗan takarar gwamna kada ya kashe sama da biliyan 1, sanata miliyan 100, ɗan majalisar wakilai miliyan 70, na jiha miliyan 30, amma duk wanda ya taɓa zama kusa da kamfe ya san wannan a takarda kawai yake.

Kuma kashe kuɗin ba ranar zaɓe yake farawa ba. Shekara biyu ko uku kafin nan mai neman kujera ya fara. Azumi ya zo a raba gero da sukari da shinkafa, sallah a raba atamfa da shadda ga shugabannin jam'iyya na mazaɓu, a gyara masallacin Juma'a, a haƙa burtsatse, a sayi kofi a sa gasar ƙwallo, a biya wa ɗalibai kuɗin jarrabawa. Ta'aziyya kuwa ba a fashi, suna da ɗaurin aure ba a zuwa hannu rabbana. Ka je ƙofar gidan kowane kansila ko ɗan majalisar jiha bayan sallar asuba ka gani, mutane a zaune a kan dakali da tabarma, wannan da takardar magani a hannu, wannan matarsa ta haihu ba ragon suna, wancan an koro yaransa daga makaranta, wata tsohuwa ginin ɗakinta ya zube da damina. Yana fitowa za a taso masa gaba ɗaya, ya sa hannu a aljihu ya ba wannan dubu biyu wancan dubu biyar, wanda bai samu ba ya tafi yana cewa wane ya canja. Ni ba na ganin laifin mutanen nan ko kaɗan, asibitin da ya kamata ya ba su magani babu magani a ciki, makarantar gwamnati ta lalace, wa za su je wa? Amma ka lura da abin da hakan ke jawowa, aikin da ya kamata hukuma ta yi wa kowa da kowa ya koma alfarma da mutum ɗaya yake yi daga aljihunsa, kuma aljihun nan dole a cika shi daga wani wuri.

A nan ubangida yake shigowa da ƙarfinsa, ko wani ɗan kwangila ko ɗan kasuwa da zai zuba jari. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Ranar da aka rantsar da mutum ya riga ya shiga ofis da bashi a wuya, na kuɗi da na alƙawari, kwamishina kaza na wane ne, kwangilar hanya kaza ta wane ce.

Zaɓen fidda gwani shi ne ainihin wurin da ake yanke hukunci, kuma shi ne wurin da talaka ba ya nan. A 2022 saboda yadda dokar zaɓe ta fito, daliget ɗin da aka zaɓa daga mazaɓu ne kawai suka yi zaɓe, APC mutum biyar a kowace mazaɓa don fitar da ɗan takarar gwamna, PDP mutum uku. A Kano mai mazaɓu 484 ka ga mutum dubu biyu da 'yan ɗari ne za su yanke wa jihar da ke da miliyoyin masu katin zaɓe wanda za su gani a takardar ƙuri'a. Su wa ke rubuta sunan daliget ɗin? Shugabannin jam'iyya na mazaɓa da na ƙaramar hukuma, waɗanda su ma wani ne ya ɗora su. Daren fidda gwani kuwa sai wanda ya gani. A kwashe daliget a bas a kai su otal ko wani gida a kulle ƙofa, wani lokaci har wayoyinsu a karɓe don kada abokin hamayya ya kira ya ƙara farashi, a bi su ɗaki-ɗaki da ambulan, wasu har rantsar da su ake yi, da safe a jero su zuwa filin zaɓe a ƙarƙashin idon ciyaman ɗinsu. Daliget ɗin nan galibi talaka ne shi ma, ya san wannan ce ranarsa guda a shekara huɗu, bayan ta ko gaisuwarsa ba lallai a amsa ba, don haka yake karɓa daga kowa. Inda ma ba a son wannan wahalar sai a ce an yi maslaha, a tara masu neman kujera a gidan gwamnati a ce kowa ya janye wa wane. Mutane suna kiran sa ɗauki-ɗora kuma sunan ya dace.

Wani zai ce to idan haka ne ƙuri'ata ba ta da amfani kenan. A'a, tana da shi, kuma Kano ce ma babbar shaida. A 2003 Kwankwaso yana kan kujera da duk ƙarfin gwamnati, Malam Ibrahim Shekarau tsohon malamin makaranta kuma tsohon babban sakatare ya kayar da shi a ANPP. A 2011 Shekarau ya tsayar da Salihu Sagir Takai, mataimakin Shekarau ɗin Abdullahi Tijjani Gwarzo ya fice ya yi takara a ACN, Kwankwaso ya dawo ya ci. A 2023 Ganduje ya tsayar da mataimakinsa Gawuna, aka kayar da shi. Sau uku kenan jama'a suna juya wa gwamna mai ci baya. Tun zamanin NEPU da PRP Kano take da wannan jinin, ko Abubakar Rimi da duk farin jininsa da soke haraji da jangali da ya yi, da ya bar PRP ya koma NPP Sabo Bakin Zuwo ya kayar da shi a 1983. Saboda haka a babban zaɓe mutane suna iya hukunta wanda ya ɓata musu. Sai dai zaɓin nasu a tsakanin mutum biyu ne ko uku da wasu suka riga suka tace, kana iya ƙin ɗan gidan wane amma wanda za ka koma wa shi ma ɗan gidan wani ne.

Ranar zaɓe ma ɗin kanta ta zama wani fagen kuɗi da ƙarfi. Kowace rumfa sai an sa ejan an biya shi, kuma a jiha kamar Kano rumfunan sun haura dubu goma, ka lissafa wannan kaɗai. Ga taliya da sabulu da atamfa da ake raba wa mata a layi, ga kuɗin da ake turawa ta waya ko a miƙa a lungu. Ga 'yan jagaliya, yaran da aka ba ƙwaya da makami, waɗanda bayan zaɓe ake watsar da su su koma faɗan daba da ƙwacen waya a unguwanninmu, wannan kam yana ci mini rai fiye da komai domin 'ya'yan talakawa ne ake ƙonawa, ɗan mai takarar yana makaranta a waje. Wanda ya ga 2019 a Kano ba zai manta ba. Zagayen farko na 9 ga Maris Abba yana gaba da tazarar ƙuri'a 26,655, aka ce zaɓe bai kammala ba, kalmar inkonkulusib ta shiga bakin kowa har yara. Aka sake a wasu rumfuna ranar 23 ga Maris, mazaɓar Gama a ƙaramar hukumar Nasarawa ta zama kamar filin yaƙi, ƙarshe aka bayyana Ganduje da tazarar 8,982. Kotuna sun tabbatar masa, amma har yau gardamar ba ta mutu ba a majalisun shayi.

Kotu kuwa yanzu ta zama zagaye na ƙarshe na kowane kamfe, duk ɗan takarar da ya san abin da yake yi yana ware kuɗin manyan lauyoyi tun kafin a kaɗa ƙuri'a. A Zamfara a 2019 APC ta ci kusan komai a akwati, ranar 24 ga Mayu kotun ƙoli ta ce jam'iyyar ba ta yi sahihin zaɓen fidda gwani ba saboda rikicin ɓangaren Abdul'aziz Yari da masu adawa da shi, aka mayar da ƙuri'unta kamar ba a kaɗa ba, Bello Matawalle na PDP ya zama gwamna. Ka ga rikicin wa zai naɗa magaji ne ya jawo jam'iyya ta rasa jiha sukutum. A Kano a Satumban 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta cire wa Abba ƙuri'a 165,663 ta ce takardun ba su da hatimi ko sa hannu, kotun ɗaukaka ƙara ta ƙara da cewa ba ɗan NNPP ba ne lokacin da aka tsayar da shi, sai ranar 12 ga Janairun 2024 kotun ƙoli ta mayar masa da kujerarsa. Wata huɗu jiha tana zaune a kan ƙaya, kasuwa ba daɗi, aiki ya tsaya, kowa yana jiran Abuja.

Sannan rikicin ubangida da yaro, wanda mutane ke ɗauka halin mutum ne, a ce wane butulu ne ko wane ya cika son juya gwamnati. Hali yana ciki, ban musa ba. Amma abin ya maimaitu da yawa har ya wuce a ce hali ne kawai. Bafarawa da mataimakinsa Wamakko sun raba gari kafin 2007. Yariman Bakura ya ɗora mataimakinsa Mahmuda Shinkafi a 2007, ba a daɗe ba Shinkafi ya koma PDP. Kwankwaso da Ganduje shekara ɗaya ba ta cika ba da miƙa mulki aka fara jin kansu, a 2016 abin ya fashe, jar hula gefe guda Gandujiyya gefe guda. Dalilin a fili yake. Mai gida ya ɗora ka don ya ci gaba da riƙe jam'iyya, kai kuma daga ranar da ka zauna a kujerar duk makaman da ya yi amfani da su sun dawo hannunka, asusun haɗaka, hukumar zaɓen jiha, naɗe-naɗe, kwangila. 'Yan siyasar da jiya suke layi a gidansa yau suna layi a naka. Tsarin ya tara iko da yawa a kujera ɗaya ta yadda ba za ta ɗauki mutum biyu ba. Kuma duk lokacin da aka yi irin wannan faɗa, na ƙasa ne ke shan wahala, a rushe ciyamomi, a kori masu muƙami, a tsayar da ayyukan da wancan ya fara ko da an kashe musu biliyoyi.

Ranar 11 ga Yulin 2024 kotun ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar a kan gwamnoni 36, ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta ce naɗa kantomomi haramun ne, kuma ƙaramar hukumar da ba ta da zaɓaɓɓun shugabanni ba za a ba ta kuɗi ba. Na yi farin ciki da wannan hukunci kuma har yanzu ina ganin daidai ne. Amma dubi yadda gwamnoni suka amsa, kowa ya yi sauri ya shirya zaɓe cikin 'yan watanni, kuma sakamakon shi ne wanda na faɗa a sama. Kantoma ya canja suna ya zama zaɓaɓɓen ciyaman. A Anambra ma doka aka yi da ta ce ƙananan hukumomi su riƙa zuba wani kaso a asusun da jiha ke kula da shi. Ko da kuɗin ya sauka kai tsaye a asusun ciyaman, mutumin da gwamna ya rubuta sunansa da hannunsa, idan aka kira shi aka ce kawo, zai ce a'a?

Shi ya sa nake goyon bayan masu cewa a gyara kundin tsarin mulki a karɓe zaɓen ƙananan hukumomi daga hannun hukumomin jiha. INEC ba mala'ika ba ce, mun ga kurakuranta da idonmu, amma aƙalla ba gwamnan jihar ne ya naɗa ta ba. Wahalar ita ce gyaran kundi yana buƙatar amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36, kuma 'yan majalisun nan su ma yawancinsu ta hannun gwamna suka samu tikiti, shi ya sa maganar 'yancin ƙananan hukumomi ta sha zuwa wurinsu tana mutuwa. Wannan ce tambayar da ya kamata a riƙa yi wa duk mai neman majalisar jiha idan ya zo kamfe, a rediyo ko a gaban jama'a, idan kudurin ya zo gabanka ina za ka kaɗa? A naɗi amsarsa a waya a ajiye.

Akwai kuma abin da ba ya jiran gyaran kundi. Shugabannin jam'iyya na mazaɓa, ciyaman da sakatare da shugabar mata da shugaban matasa, su ne tushen daliget, kuma ranar da ake zaɓensu yawancinmu ba ma ma sanin an yi. Malamai da ma'aikatan lafiya da 'yan kasuwa da masu digiri na unguwa duk suna ganin wannan ƙaramin abu ne ko ƙazanta ce, sai a bar wa mutum goma sha su zauna a shagon wani su rubuta suna. Na san ba abu ne mai sauƙi ba, sau da yawa jerin sunayen daga sama yake zuwa kuma wanda ya yi gardama a dakatar da shi daga jam'iyya. Amma rubuta sunan ya fi sauƙi idan ba kowa a wurin, idan mutum ɗari uku masu katin jam'iyya suka tsaya a filin firamare suka ce sai an ƙirga su, dole wanda aka aiko daga hedikwata ya sake lissafi, ko ba komai zai koma ya faɗa wa mai gida cewa mazaɓa kaza fa ba za ta karɓi ɗauki-ɗora ba.